Sunan Ɗan Farin Inno

Tun ina amarya nake sayen nono a hannun Inno, amma ban taɓa jin ta ambaci sunan ɗanta na fari ba. Sunansa Sa'idu. Ni ina faɗa, duk mutanen ƙauyensu Wurma suna faɗa, ita kuwa sai dai ta ce “Ɗan Dada”, domin ana yaye shi surukarta Dada ta ɗauke shi, kamar yadda Fulanin wajenmu suka saba. In ya shigo gida sai ta kau da kai. In tana da saƙo gare shi sai ta gaya wa ƙanwarsa, ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Mu Hausawa ma muna kunyar ɗan fari, amma tamu wasan yara ce in aka haɗa da ta Inno.

Ni ce Larai mai fura a kasuwar Kurfi, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba shi da linzami. Sana'ata da ta Inno tare suke tafiya, don haka shekarar da ɓarayin daji suka kore musu garke, mijinta kuma bai daɗe ba ya bi bayan shanun, ciwon zuciya ya kai shi kabari, ni ma na ji a jikina. Matar da ta tashi cikin shanu ta koma dama madarar gari tana kawowa kasuwa a ƙwarya. In ta miƙo mini ba ta iya haɗa ido da ni. Ga ƙannen Sa'idu reras a wuyanta, shi kuma sai ɗan ƙwadagon gona da bai taka kara ya karya ba.

Ana nan sai wani kamfani ya zo zai gina masana'antar madara a kan hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi. Suka ce 'yan ƙasa za su ɗauka, har da mata, har da wanda bokonsa bai wuce na yaƙi da jahilci ba. Ni na ja hannun Inno muka je aka rubuta mu a ɓangaren dafa madara. Sa'idu ya shiga ɓangaren tukunyar tururi.

Ginin ko rufi ba a yi masa ba, amma mu har mun fara aiki a cikinsa. Wani babban ɗaki suka kama haya a Dutsin-Ma, can bayan tasha. Za a ɗaura maka wani tabarau mai nauyi ya rufe maka ido da kunne, a ba ka 'yan sanduna biyu masu maɓalli ka riƙe. Kana buɗe ido sai ka gan ka a tsakiyar masana'anta, ga tankuna suna sheƙi, ga bututu ta ko'ina, ga injin yana ruri. Ranar farko da na leƙa ƙasa daga saman bene, salati na saki na zauna daɓas a kan siminti, samari suka yi ta ƙyaƙyata mini dariya. Wai duk zane ne a cikin kwamfuta, kuma da wannan zanen magina suke aiki a can fili.

Mai koya mana shi ne Injiniya Badaruddeen, ɗan Dutsin-Ma ne, na ma san mahaifiyarsa. Yaro ne mai fara'a, ba zan ci haƙƙinsa ba. Wata rana na yi ta miƙa hannu a cikin tabarau ban kai ga kan famfon tanki ba, don Allah bai ba ni tsawo ba. Ya yi dariya ya aika wa manyansa, da muka dawo sati na gaba sai na tarar famfon ya sauko daidai ƙirjina. Ya ce a ginin gaske ma haka za a ɗaura shi. Wani bene ma sukutum aka matsar da shi gefe saboda yana tare wa masu tura kaya hanya. “Don haka aka kawo ku tun ba a zuba siminti ba,” in ji shi, “duk abin da bai dace da mai aiki ba a gyara.”

Inno ta kama aikin nan da hannu biyu. Ba ta fi kowa ba, amma ba ta fashi, kuma in ta yi kuskure sau ɗaya ba ta maimaitawa. A motar komawa gida sai ta riƙa murza iska da hannu tana bitar wane famfo ake fara rufewa. A nan na sake ganin haƙoranta a waje, abin da na manta rabona da gani.

Sai jarrabawar ƙarshe ta zo, wadda in ka ci an ɗauke ka, in ka faɗi sau biyu sai ka kama gabanka. Bibbiyu ake shiga, mai madara ɗaya da mai tururi ɗaya. Mai tururi ana kai shi ɗakin baya kusa da janareto a rufe ƙofa, ba ku jin juna sai ta cikin tabarau, wai don a saba da ƙarar masana'anta. Doka kuwa ita ce, in mai madara ya hango haɗari daga saman bene, sai ya kira sunan abokin aikinsa da ƙarfi, sannan ya faɗa masa abin da zai yi. Kwamfuta tana saurare. In ba ta ji sunan ba, komai kyan aikinka ja za ta ba ka, wato ka faɗi.

Injiniya ya tsaya yana faɗin waɗanda aka haɗa. Da ya ce, “Inno da Sa'idu,” sai na ga mutane suna kallon juna, don duk wanda ya fito daga Kurfi ko Wurma ya san abin da ke nan. Inno ta dubi yatsun ƙafarta. Shi kuwa ya wuce kan na gaba kamar bai faɗi komai ba.

Muna kallo a babbar talabijin da aka kafa a bango suka shiga zagayen farko. Wani bututu ya fara tsartuwa kusa da ƙafar Sa'idu, Inno ta hango tun kafin mu 'yan kallo mu gani. “Kai! Ɗan Dada! Matsa baya!” Ya matsa, ta rufe abin da ya kamata ta rufe, komai ya tafi daidai. Talabijin ta yi ja.

Ban jira an watse ba na bi Injiniya har teburinsa.

“Injiniya, ka san ko wane ne Sa'idu wajen Inno?”

“Na sani mana, Gwaggo Larai. Ɗanta ne.”

“Ɗan fari. Kai ma ai ɗan fari ne. Hajiya mahaifiyarka da mi take kiranka?”

Ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. “Har gobe ‘kai yaro’ take ce mani.”

“To?”

“To Gwaggo, tururi bai san kunya ba. Mutum goma cikin ƙara, kowa da hular kwano iri ɗaya, ta ce ‘kai wancan’, wa za shi waiwayo? Kafin a gane da wa take, fatar mutum ta saluɓe.”

“Ai ba wancan ta ce ba, Ɗan Dada ta ce, kuma ya ji ya matsa. A sa ma kwamfutar Ɗan Dada mana.”

“Sunan da ke kan katin aiki shi kowa zai sani a layin magana. Shugaban aiki daga wani gari za a kawo shi, ina ya san wani Ɗan Dada?”

“To a musanya mata da wani.”

“In na musanya yau, ranar da aiki ya haɗa su fa? Ni zan sa hannu cewa ta iya.”

Na ce, “Kun sauke famfo saboda gajartata. Kun ɗauke bene guda saboda masu tura kaya. Sunan mutum ɗaya ne ya gagare ku? Ba kai ka ce duk abin da bai dace da mai aiki ba a gyara ba?”

“Famfo ƙarfe ne, Gwaggo. Wagga doka ce.”

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, wannan ne ma ya ƙara ƙona mini rai. Da baƙo ne daga wata uwa duniya sai in ce bai sani ba. Amma yaron da aka goya a garin nan, wanda uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, shi ne zai dube ni ya ce doka. Na fita ina faɗa ni kaɗai har masu acaɓa suna waiwaye.

Washegari da hantsi na hau mashin zuwa Wurma. Na tarar da Inno a gindin bishiyar bedi tana kaɗa madarar garin nan da maburgi, Sa'idu kuma yana bakin danga yana gyaran ƙotar fartanya. Ya gaishe ni, ya ce a gaban uwar, amma da ni yake, “Gwaggo, ni na yanke shawara. Gobe zan je in ce ma Injiniya na janye. In ba ni, dole su haɗa ta da wani.”

Maburgin ya tsaya. Inno ba ta dubi inda yake ba, ni ta duba. “Larai, ki ce ma wancan, in ya bar aikin ga saboda ni, ban yafe ba.”

Ya ɗauki ƙotarsa ya fita.

Na matsa kusa da ita na shiga lallashi, ni da ban iya lallashi ba. Na ce sau ɗaya ne fa, ta runtse ido ta faɗa a wuce wurin. Na ce ta dubi yaran nan, ta dubi ƙwaryar da ke gabanta. Na ce ko malamai sun faɗa, kiran sunan ɗa ba haram ba ne.

“Na san ba haram ba ne,” ta ce. “Cin abinci tsakiyar kasuwa ma ba haram ba ne. Kin taɓa ganin na ci?”

“To sai ki zauna ki rasa aiki?”

“Shanu sun tafi, mai gidan ya tafi. Abin ga kaɗai ya rage mani na gidanmu, Larai. Dada na da rai, da wane ido zan dube ta? Zan je dai ranar, kada a ce na gudu. In yi abin da na iya, su ba ni jansu, in dawo ma ƙwaryata.”

Gaba kura baya sayaki ke nan. Na dawo Kurfi ina jin haushin Injiniya, ina jin haushin kwamfutar, har ita Inno sai da na ji haushinta, sannan na ji haushin kaina da na ji haushinta.

Ranar zagaye na biyu ɗakin ya cika, don har manyan kamfanin biyu sun zo duba yadda horon yake tafiya, an ba su kujerun gaba da ruwan gora. Ni na ci tawa tun da safe, amma ko daɗinta ban ji ba. Aka shiga da Sa'idu ɗakin baya aka rufe. Inno ta gyara ɗaurin zanenta, ta miƙa kai aka ɗaura mata tabarau.

Abin da take gani shi muke gani a talabijin. Tana saman bene, can ƙasa ga mutum-mutumin Sa'idu da hular kwano yana duba agogon awon zafin tukunya. Na zaci irin tsartuwar ranan za a sake. Ina! Babban bututun da ke bayansa ne ya fashe da wata ƙara da ta sa har mu muka zabura. Farin tururi ya rufe shi ruf. Da ya ɗan yaye sai ga shi kwance rub da ciki, hular ta gangara gefe, hannu ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa, ba ya motsi.

Na san zane ne, ita ma ta sani. Amma wanda bai taɓa sa tabarau ɗin nan ba ba zai gane ba, ido ba ya shawara da hankali a cikinsa.

“Sa'idu!”

Ban taɓa jin murya irin wannan daga bakin Inno ba, ko ranar da aka fita da gawar mijinta.

“Sa'idu! Sa'idu am!” Ta haɗa da Fulatancin da ta daɗe da ajiyewa, Sa'iduna ke nan. Hannunta kuwa bai tsaya ba, ta murza babban famfo ta rufe, ta danna ƙararrawa, tana yi tana kira, tana kira ba ya amsawa. Talabijin ta yi kore.

Ɗakin ya ɗauki tafi, manyan nan har da miƙewa tsaye. Inno ta fizge tabarau ɗin tana haki, tana neman inda ɗanta yake kwance, sai ta ga siminti da kujeru da maza cike da ɗaki suna tafa mata. Na ga lokacin da ta gane abin da ta yi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita ba ta ko tsaya neman takalminta ba.

Zan bi ta ke nan Injiniya ya tare ni, bakinsa har kunne. “Kin gani, Gwaggo? Ta ci! Ni na zaɓar mata wannan da kaina. Na san in ta ga ya faɗi za ta kira.”

Wallahi da ya yi shiru da na ɗauka kwamfuta ce ta zaɓa, in bar wa Allah.

“Kai ka zaɓa?”

“Taimakonta na yi. Da yanzu ta rasa aikin.”

“Ka kashe mata ɗa a gaban idonta don ka ɓamɓare magana daga bakinta, shi ne taimako? Ka tambaye ta? Ta ce maka ga wanda ta fi so tsakanin aikin da kunyarta? Ai ta zaɓa, kai ne ba ka ga ta isa ta zaɓa ba! Je ka gwada ma Hajiya haka, ka kwanta a tsakar gida a ce mata ka mutu, in ta kira sunanka sai ka tashi ka tara mutane su tafa mata!”

Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ɗaya daga cikin manyan ya tambayi abin da matar nan take wa faɗa, wani ya fara yi masa bayani da Turanci, ya gyaɗa kai yana cewa abin sha'awa ne. Abin sha'awa! Da ba don girman furfurarsa ba da shi ma ya samu rabonsa.

Ana cikin haka aka buɗe ɗakin baya, Sa'idu ya fito yana murza ido. “Mi ya faru? Ni dai na ji ƙara, sai duhu, sauti ma ya ɗauke gaba ɗaya. Na zaci wuta ce ta lalace.”

Ashe haka abin yake, wanda aka kayar kwamfuta tana kashe masa gani da ji, tunda a wurinta sumamme ne. Wani abokinsa ya dafa shi ya ce, “Ta ci. Ta kira ka, har sau nawa.”

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi ƙofar da ta fita, ya dubi takalminta a ƙasa, sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Gwaggo, da gaske?”

“Da gaske.”

“Ya ta faɗa?”

 Ƙato da gemunsa, yana tambayata yadda sunansa yake a bakin uwarsa. Injiniya, da yake yana neman inda zai wanke kansa, ya yi saurin cewa, “Ai duk ana ɗauka. Yana cikin kwamfuta, in kana so yanzu in kunna maka.”

Sa'idu ya daɗe yana kallon kwamfutar nan. 

“A'a,” ya ce. “Ba ta ce in ji ba.”

Ya sunkuya ya ɗauki takalman ya miƙo mini.

A tasha na same ta, ta riga ta shige motar Kurfi ta takure a kujerar baya jikin taga, mayafi har yanzu a fuska. Na ajiye mata takalman a ƙafa na zauna. Ban yi mata barka ba, ita ma ba ta nema ba. Mota ta cika muka tashi, muka wuce ginin masana'antar da magina suke ta ɗora bulo, wurin da za ta fara aiki in an gama. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Sai da muka yi nisa ta yi magana, a hankali yadda na gaba ba zai ji ba.

“Ni da na ɗauka in zan faɗi sunan nan, to ranar da ɗayanmu zai bar duniya ne.”

Da na buɗe baki zagi ne zai fito, kuma wanda ya cancanta ba ya cikin motar.

“Larai.”

“Na'am.”

“Ya ji?”

“Bai ji ba. Sun kashe mashi sauti. Kowa ya ji, ban da shi.”



“Alhamdu lillahi,” ta ce. Ta juya fuskarta wajen taga, kafaɗunta suka fara rawa, haka ta yi ta kuka ba sauti har muka shiga Kurfi.